Ranar da Aka Ja Kakar Mulita da Dawaki

Shekarar da fari ya gama da shanun Nicasio, 'yarsa Mirta ta aiko masa da akwati daga Bahía Blanca. Sabo fil, baƙi, mai 'yan tayoyi a gindi. Direban motar gas ne ya kawo shi, kuma kafin ya kai ƙofar gidan ni na riga na san launinsa da saƙon da ya biyo shi. Saƙon ba shi da tsawo: Baba ya haɗa kayansa, da zarar ta sami hutu za ta zo ta ɗauke shi.

Nicasio mijin yayata ne, marigayiya Ramona. Tun ina 'yar ƙwailata nake tsokanarsa, shi kuma yake kirana Gidan Rediyo, har muka tsufa a kan haka. Ya haura tamanin. Sau ɗaya ya taɓa zuwa wurin Mirta, can saman bene, a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wasu. Da ya dawo sai ya ce mini, "Eulogia, tunda na je ban ga inda rana take faɗuwa ba. In aka kai ni can, ki fara ɗinka baƙaƙen kayan makoki." Ba da wasa ya faɗa ba. Ni ma ban yi dariya ba, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

To amma da me zai kare kansa? Mirta ba muguwa ba ce, gaskiya gare ta. Babu shanu, babu mata, babu likita kusa, jirgin ƙasa kuma ya daina tsayawa a garinmu Santa Eduvigis tun tana goye. Mu da muka rage a garin, in ka tara haƙoranmu ba za su cika ƙoƙon shan mate ba, shayin ganyen nan namu da ake zagayawa da shi. Cirilo mai horon dawaki muke kira yaro, shi kuwa har da jikoki.

Duk da haka Nicasio bai daina fita da sassafe ba. Shanun sun mutu, amma ƙafarsa ba ta sami labari ba. Kullum sai ya bi rafi, wanda ya bushe har ƙasarsa ta tsattsage kamar diddigen tsohuwa, ya je inda ya saba shayar da su, ya tsaya, ya dawo. Wata safiya bai wuce gidansa ba, ya shigo nawa, hula a hannu.

"Gidan Rediyo, kin iya riƙe magana?"

"Ka taɓa ganin na riƙe?"

"Shi ya sa na zo wurinki. So nake kowa ya ji kafin rana ta take."

Na zuba masa mate, ya zuƙe, ya miƙo mini ƙoƙon, sannan ya ce in sa takalmi.

A kwanar rafin, inda gaɓa ta zaizaye, wani abu ya leƙo daga jikin ƙasa. Ka ce murhun gasa burodi ne irin na tsakar gida aka binne rabi. Girmansa kuwa, mutum biyu za su kwanta ciki su bar wa kare wuri. Na shafa. Ba sumul yake ba. Wasu 'yan fale-fale ne aka jera manne da juna, kowanne kamar tafin hannun jariri, kowanne da zanen fure: da'ira a tsakiya, ƙanana kewaye da ita.

Na yi aikina. Kafin rana ta take duk garin yana bakin rafi. Cirilo ya ce ƙwan dodon zamanin da ne, ya gani a talabijin. Matarsa Fermina ta ce tukunyar zinariya ce, a bari ta leƙa.

"Mulita ce," in ji Nicasio.

Aka bushe da dariya. Wa bai san mulita ba a nan, 'yar dabbar dajin nan mai ɓawo kamar sulke a baya? Duk mun tono ta a rami, mun gasa ta a rigingine cikin ɓawonta, mun lashe yatsu. Babbarta ba ta fi kyanwa ba.

"Don Nicasio," in ji Cirilo (da Don da Doña muke girmama manya a nan), "in wannan mulita ce, a wace wuta za a gasa ta?"

"Ka ci ɗaruruwa, yaro, ba ka taɓa duba bayan ko ɗaya ba. Cikinka kawai ka sani."

Malamar makarantar ƙauyen gaba ce ta ɗauki hoto ta aika gidan tarihi na birni. Na zaci za a turo mana wani mai ƙyalli. Wadda ta zo a wata tsohuwar a-kori-kura ta fi mu alamar gajiya. Sunanta Dakta Noemi, furfura ta fara, takalmanta sun ci ƙasa sun ƙoshi. Kafin mate ya zagayo kanta sau biyu na san ba ta da miji yanzu, na san kuma da wadda ya tafi. Amma wannan labarin wata rana ne.

Ta durƙusa gaban abin da ɗan buroshi irin na fenti, ta daɗe tana shara. Mu muna tsaye a kanta kamar an yi haɗarin mota.

"Wane ne ya ce mulita ce?"

Aka nuna Nicasio.

"Bai yi nisa da gaskiya ba. Danginta ce. Gliptodon muke kiranta, amma ku ce kakar mulita, ba za ta ji haushi ba."

"To wa ya yi mata wannan ado?" in ji Fermina.

"Ba ado ba ne, Doña. Ƙashi ne. Kowane fure da kike gani ƙashi ne da ya tsiro cikin fatarta. Sun fi dubu, kowanne ya kama gefen ɗan'uwansa, suka zama sulke ɗaya." Ta ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa. "Mulita tana da ɗamara a tsakiyar baya, shi ya sa take lanƙwasa. Wannan ba ta da ita. Ko ƙashin bayanta a haɗe yake wuri guda a ƙarƙashin sulken. Ba ta lanƙwasa, ba ta waiwaye sosai. Ciyawa kawai take bi."

"Kamar surukata," in ji Cirilo.

"Surukarka tana jinka, tana bayanka," na ce. Ya waiga da sauri. Matar ta mutu da daɗewa, amma har yanzu yana waigawa.

Dakta ta ce a kan dabbar ma akwai hular ƙashi, wutsiyarta kuma zobba ne na ƙashi, wani cikin wani. Wasu irinsu ma ƙarshen wutsiyar kamar taɓarya yake, da shi suke dukan juna. Na ce to maza ke nan. Ta ce mai yiwuwa.

"Mu kaɗai ke da ita?" Nicasio ya tambaya.

"Ina fa. Tun daga can kudu inda sanyi ke kashe tumaki, har Brazil, har Venezuela, ko'ina ana tono danginta. Da nahiyar nan tamu ta haɗe da ta arewa ma, wasu sun tsallaka sun kai Mexico, har sun wuce."

"Da wannan kaya a baya?" na ce. "Ni ko buhun dankali aka ɗora mini ba zan kai tasha ba."

"Ba ɗaya ce ta yi tafiyar ba, Doña. Uwa ta ɗan matsa, 'ya ta ɗan matsa. Babu mai sauri a cikinsu."

Nicasio ya daɗe yana kallon abin. Can ya ce, "Wannan dai a nan ta tsaya."

Da mutane suka watse ya ja Dakta gefe. Ni ma na ja kaina gefen, don takalmina ya kwance daidai wurin.

"Dakta, tafiya za a yi da ita?"

"Doka ta ce ta gwamnati ce, Don Nicasio. Amma in gari yana da ɗaki mai kulle da mutumin da zai kula, wani lokaci akan bar masa."

"Wani lokaci."

"Wani lokaci," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Sannan ta ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji. Kada kowa ya taɓa. Abin da muke gani kamar dutse, ƙasar da ta cika cikinsa ce take riƙe da shi. Sai an naɗe shi da tsumman algarara da farar hodar nan ta ɗorin karaya, ya bushe, a haƙa ƙarƙashinsa, sannan a ɗaga. Za ta koma ta nemo kaya da hannuwa, mako mai zuwa tana nan.

Washegari Nicasio ya ɓalle kwaɗon ɗakin jiran fasinja na tsohuwar tasha. Ya kori tantabaru, ya kwashe kashinsu baro-baro, ya shafa wa bango farar ƙasa. Ya zo gidana ya kira Mirta a wayata, don tasa kullum a mace take.

"Na sami aiki," ya ce mata.

Ina jin muryarta daga inda nake, domin kunnena bai tsufa ba. "Aikin me, Baba?"

"Mai kula da gidan tarihi."

"Wane gidan tarihi? Gadin ƙashi za ka yi?"

"Ke ma a asibiti ai ƙashi kike gadi, sai dai naki yana tari."

Sai ta ce in da gaske ne, in akwai abin da zai tashe shi kullum da safe ban da zuwa gaida matattun shanu, za ta duba. In babu, maganarta tana nan.

Mako ya wuce, Dakta ba ta zo ba. Wani ya bi bayansa. An ce motar ce ta lalace, an ce hodar ce ba a saya ba. Mu mun saba. A nan in aka ce maka mako mai zuwa, ka nemi kujera.

Ana cikin haka Fada, limamin coci, ya zo daga garin gaba, aka fitar da mutum-mutumin Waliyyi Isidro don roƙon ruwa, kamar yadda ake yi duk lokacin da fari ya yi tsanani. Aka zagaya da shi gonaki, rana na dukanmu, ƙura har cikin haƙora. Nicasio na riƙe da sanda ɗaya ta makarar da aka ɗora shi. Kowa na amsa addu'a, shi bakinsa a rufe gam. Na matsa kusa.

"Mijin Yaya, na gan ka."

"Me kika gani?"

"Duk lardin nan kai kaɗai ne kake ɗauke da waliyyi kana roƙonsa ya toshe kunne."

"Ban ce kada a yi ba. Cewa na yi a ɗan jinkirta."

"Ka gaya masa har yaushe?"

"Har Dakta ta zo."

"To ka haɗa shi da aiki."

Waliyyin dai namu ya ji, bai ji nasa ba. Ranar Alhamis da rana iska ta tsaya cik, tururuwa suka fara kwashe ƙwai, gwiwata ta hagu ta fara magana. Can kudu sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Kowa ya san halin rafinmu: in aka yi ruwa a sama, ba sallama yake yi ba, zuwa yake da itatuwa da matattun tumaki, ya cika gaɓa kafin ka ɗaure takalmi.

Muka taru a kwanar. Aka kira Dakta, wayar ba ta shiga. Aka sake, ba ta shiga. Cirilo ya iso da dawaki biyu da igiyoyinsa na fata a naɗe.

"Don Nicasio, mene ne ya taɓa maƙalewa a taɓon rafin nan da ba mu fitar ba? Bijimin Bautista mai kanti fa? Ya fi wannan nauyi, yana harbi kuma."

"Ta ce kada a taɓa."

"Ta gaya wa ruwa?"

Gaskiya ita ce, babu namijin da ke wurin da bai fitar da saniya daga taɓo ba tun yana yaro. Hanya ɗaya suka sani, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba: a sassauta ƙasar gefe da shebur, a zura igiya ta ƙarƙashi, a ɗaure a majayin sirdi, doki ya ja a hankali, ba fizga. Saniya takan yi nishi, ta miƙe, ta fito. Abin da bai zo wa kowa a rai ba shi ne, saniya tana da nama da jijiya da ke riƙe ta. Ni ma bai zo mini ba, kada in yi muku ƙarya. Ni ce ma na kawo tsohuwar ƙofar ɗakin kajina don a zamo da ita a kai.

Nicasio ya kalli sama, ya kalli abin. An yi tsawa can nesa.

"A ja," ya ce. "Amma a hankali, yaro. In ka fizga sai na karya ka."

Suka haƙa gefe da gefe. Suka zura igiya biyu, suka sa bargon sirdi inda za ta ci, kamar yadda ake yi don kada a ji wa dabba ciwo. Nicasio ya sauka da kansa ya dafa bayanta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa irin yadda yake yi wa saniya mai naƙuda. Cirilo ya taɓa dokin da diddige. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara. Abin ya motsa, kamar faɗin tafin hannu. Har Fermina ta fara tafi.

Sai muka ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen burodi. Tsaga ta bi ta tsakiya. Ƙasar cikin ta zube, sulken ya bi ta, ya wargaje a kan ƙofar kajina kamar an kifar da tiren biskit. Nicasio na tsaye, hannunsa a miƙe, yana dafe da iska.

Daidai nan ɗigon farko ya faɗo mini a goshi.

"Ku kwashe," in ji wani. Muka faɗa kai. Mata a cikin zanen gaba, maza a hula da aljihu, wasu a bargo. Tsofaffi masu ciwon baya suna tsince-tsince kamar kaji. Muna ji rafin na tahowa daga sama da gurnaninsa, muka hau gaɓa da abin da muka samu, sauran ruwa ya rufe. Kowa ya ruga gidansa. Kuma abin da ba zan ɓoye ba, mutane suna gudu suna dariya. Ruwa ne fa, bayan duk wannan wahala. Bautista mai kanti ya tsaya tsakiyar hanya ya buɗe baki sama kamar ɗan tsako. Ni na ja Nicasio da hannun riga har gida.

Kwanakin da suka biyo baya bai fita ba. In na kai masa miya, sai in tarar da ta jiya. Ya fara ninke rigunansa yana jerawa a kan gado.

Sai da hanya ta bushe Dakta Noemi ta iso, bayan motar cike da buhunan farar hoda. Ta tsaya a kwanar rafin ta kalli ramin. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta zauna a gaɓa, ta cire tabarau ta murza ido.

"Da doki?"

"Biyu," in ji Cirilo, kansa a ƙasa.

"Ba ku ne na farko ba. Wasu da tarakta suka yi."

Aka kai ta tasha, inda Nicasio ya zube abin da ya kwaso a hularsa da bargonsa. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗauki wani.

"Don Nicasio, bari in gaya maka abin da ban gaya maka ba ran nan. Manyana sun ga hoton. Da ta fito lafiya, da babbar mota za a turo. Irin wannan cikakkiya ba a barin ta a ƙauye, ko da ɗakin zinariya kuka gina."

"Yanzu fa?"

"Yanzu babu mai ƙona mai saboda tsakuwa. Muna da akwatuna irin wannan a ɗakin ƙasa, babu mai lokacin buɗe su."

Ya ɗauki wannan magana ya juya ta, kamar yadda ta juya ƙashin.

"Tana gyaruwa?"

Ta jawo kujera. Ta nuna masa cewa ba duka ne iri ɗaya ba. Na tsakiyar baya sun fi kauri, furensu a fili. Na gefe sun fi ƙanƙanta. Na bakin sulken kuwa masu tsini ne, kamar haƙoran zarto. Kowanne kuma maƙwabcinsa kaɗai yake karɓa; in ba shi ba ne, ko ka matsa ba zai zauna ba. Ta gwada biyu, suka ƙi. Ta gwada wasu, suka ƙi. Can wasu biyu suka kama juna tsaf. Ta ce akwai gam na musamman, za ta bar masa, za ta kuma rubuta cewa shi ne mai kula.

"Zai ɗauki lokaci?"

"Wani ɗalibina, mai ido biyu lafiyayyu, ya yi shekaru a kan rabin ɗaya, sannan ya gudu ya koma sayar da inshora." Ta kalli tarin. "Amma wannan ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Ina sauran?"

Nan kowa ya fara kallon rufi. Ruwa ya tafi da su, in ji Bautista. Ruwa ya tafi da wasu, gaskiya ne. Amma ni na ga abin da ya shiga aljihun wa.

Da yamma na ɗauki kwando na fara zagaye. Ba na son aikin, ƙafafuna sun kumbura, amma wa zai yi? Gidan Fermina na fara.

"Ƙawata, na zo karɓar ƙasusuwan mijin Yaya."

"Wane ƙashi? Ni ko ɗaya ban ɗauka ba."

"To. Na ɗauka su ne a ƙarƙashin kazarki mai kwanci, don an ce suna sa ƙyanƙyasa. Bari in wuce wurin Cirilo, dama ina so in tambaye shi ko ya san inda sirdinsa na azurfa ya shiga bara."

Ta kawo su cikin kwano, har da waɗanda ban sani ba.

Bautista ya sa guda huɗu a ƙarƙashin ƙafar teburin kanti. Shi ban ma yi magana ba, na dai tsaya ina kallon sikelinsa na ɗan lokaci. Wata ta jera nata gaban hoton mijinta da kyandir, wata ta daka ɗaya ta jiƙa don ciwon gwiwa, ta ce bai yi aiki ba. Ranar na yi asarar ƙawaye biyu, amma a shekaruna ƙawa takan dawo, don babu wata da za ta je wurinta. Kwando uku na kai tasha.

Mirta ta zo ranar wata Asabar, ba ta sanar ba. Ta biyo ta gidana tukuna.

"Inna, ina yake?"

"Yana ofis."

"Inna, don Allah."

Na raka ta. Ɗakin jiran fasinja na warin gam. An haɗa tebura biyu, an baza ƙasusuwa a kai, na tsakiya gefe guda, masu tsini gefe guda. Nicasio na zaune bakin taga da tabaran Ramona a hanci, don nasa ya fashe. A gabansa akwai abin da ya haɗa tun tafiyar Dakta. Bai fi faifai ba.

"Baba."

"Kin zo? Kada ki jingina da teburin nan."

Ta kalli faifan, ta kalli kwandunan da ke ƙasa cike, ta kalli hannunsa yana neman bakin wani ƙashi.

"Wannan ne aikin?"

"Shi ne."

"Yaushe za ka gama?"

"In na gama zan kira ki."

"Baba, ko rabinsu ba za ka..." Ba ta ƙarasa ba. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce, ta san lissafin da take yi, shi ma ya sani. Ta ja kujera ta zauna. Ta ɗauki ƙashi ɗaya tana juyawa.

"Ba nan yake ba," ya ce. "Na gefe ne. Duba furen, ya fi ƙanƙanta."

Ta ajiye shi inda ya nuna. Suka ci gaba da jerawa tare. Ni na ba su baya ina duba tsohon jadawalin jirgi, wanda na haddace tun ina budurwa.

Can ta ce, "Inna, yana cin abinci?"

"In na tsaya a kansa."

"Za ki iya tsayawa?"

"Ni ma fa ba yarinya ba ce, Mirta."

"Na sani."

Na ce to. Me zan ce?

Ta kafa sharuɗɗa: maganin hawan jini kullum, waya a kunne, in sanyi ya shigo a sa murhu a ɗakin, in ya faɗi ko sau ɗaya ne magana ta ƙare. Ya amsa duka da kai, idonsa na kan tebur. Da za ta tafi ta sumbace shi a goshi, ya ce ta kula da kwandon da ke bayanta. A mota ta daɗe zaune kafin ta tayar.

Yanzu ciyawa ta dawo har gwiwa, kore shar, babu dabbar da za ta ci. Kullum da rana nakan ɗauki kwano in tsallaka layin dogo, in tsaya a kansa har ya cinye. Wata rana ya haɗa biyu, wata rana ko ɗaya. Jiya na tarar ya ɓata safiya guda a kan wani da ya ƙi zama ko'ina, sai da na karɓa na duba na ce masa guntun tukunyar Fermina ne. Ya ce ya sani, gwada ni yake yi. Na ce ya ci abincinsa kafin ya huce, ni ƙafata ciwo take.